Madubin Kaka Yalwa da Birnin 'Yan Kife

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ruwa ya ba shi fuska biyu, ɗaya tana duban sama, ɗaya tana duban ƙasa. Wanda ya halicci haske ya sanar da shi inda zai wuce da inda zai juyo. Wanda ya halicci kakanni mata ya ba su harshe, sannan ya halicci jikoki ya ba su ƙafar gudu.

Bayan haka, ni ne Sallau ɗan Nomau mai ƙugiya, mutumin Kwarin Gawo, wanda ya bar gida shekara shida da wata huɗu ya dawo da kwalba guda ɗaya, ita ma babu komai a cikinta. Tun da na dawo, duk wanda ya tare ni sai ya ce, "Sallau, me aka samo?" Na gaji da maimaitawa a bakin rijiya da bakin kasuwa, shi ya sa na zauna na rubuta. Wanda ya gaskata, na gode. Wanda ya ƙaryata, hanya tana nan inda na bar ta. Takalmana ma zan iya ba shi aro, sai dai ba su da ƙasa.

Sana'ar gidanmu ciro guga ce. Rijiyoyin garinmu zurfi gare su, wata gaba ashirin, wata har da ɗoriya. In igiya ta tsinke guga ya faɗa, gidanmu ake aikowa mu zo da ƙugiya. To amma ƙugiya ba ta da ido. Sai an tari rana da madubi, an tura haskenta can ƙasan rijiya, sannan a ga inda gugan ya kwanta.

Madubin da ya fi kowanne kyau a garin na kakata ne, Kaka Yalwa, uwar babana. Kakana ne ya kawo mata shi daga fatauci tun suna da haƙoransu duka. Sunansa aka sa mini, don haka bakinta bai taɓa furta Sallau ba. Ni a wurinta mijin banza ne. Da safe in na leƙa ɗakinta sai ta ce, "Mijin banza, an tashi? Ina cefane?"

In ce, "Amarya, ai tun jiya na sake ki. Me kike yi a gidana har yanzu?"

Ta ce, "Saki? Da wane bakin, wannan mai kama da na gafiya?" Sannan ta turo mini ƙoƙon kunu da ƙafa.

Haka muke kullum, har ranar da gugan maƙwabtanmu ya faɗa. Baba ya tafi ƙauye da ɗan madubinmu na aiki, Kaka kuma ta tafi barka. Na shiga ɗakinta na sauko da nata daga ƙusa ba tare da na tambayi kowa ba. Da gugan kawai na tsaya nema, da yanzu babu wannan hikaya. Amma akwai 'yan mata a bakin rijiyar, cikinsu har da Ladidi da nake so, sai na juya madubin don in haske mata ido ta yi dariya. Hannuna da laima, madubin ya suɓuce. Sau biyu na ji ƙararsa: da ya bugi dutsen gefe, da kuma lokacin da gutsattsarinsa suka sha ruwa.

Da Kaka ta dawo na shirya kunnena, na san yau zan sha zagin da ba a taɓa yi ba. Na riga ta. Na ce, "Amarya, yau na raba ki da abin da yake tsorata ki kullum da safe."

Ta dubi ƙusar. Ta daɗe tana dubanta. Sannan ta ce, "Ba komai, bawan Allah."

Washegari ta ce, "Ina kwana, bawan Allah? An tashi lafiya?" Ta ajiye mini kunu da hannu biyu, an rufe da faifai, kamar na baƙo. Jama'a, an taɓa dukana, an taɓa kora ta da kare, amma ban taɓa jin abin da ya kai wannan ladabin ciwo ba. Na tsokane ta ta kowace hanya. Na ɓoye mata taɓarya, na ce zan yi mata sabon aure da kuturu. Sai ta ce, "To, madalla, bawan Allah." Kwana goma sha ɗaya a haka. A na goma sha biyu na tsaya a tsakar gida na ɗaga murya na ce ba zan ƙara shan ruwan Kwarin Gawo ba sai na kawo mata madubin da ba ya fashewa.

Ko ɗaga kai ba ta yi ba. Ta ce, "Allah ya kiyaye hanya, bawan Allah."

Na yi gabas har gabas ta ƙare, na isa Birnin Tagulla, inda ƙofofi da kwanuka da hulunan dattawa duk tagulla ne, in rana ta yi tsaka kowa yana tafe yana ƙanƙance ido. Can na zauna gun wani tsohon maƙeri mai suna Jatau, ina yi masa zuga shekara ɗaya da rabi. Ya ƙera mini madubin tagulla, ya goge shi har yana ɗaukar ido. Na buga shi da ƙasa, bai fashe ba. Na hau shi na yi tsalle, bai fashe ba. Sai na duba fuskata a ciki, na ga kamar wanda shawara ta kama. Na kai shi bakin rijiya na tari rana, hasken ya sauka rabi ya gaji.

Na ce, "Baba Jatau, wannan madubin ɓarawo ne."

Ya ce, "Duk ɓarayi ne, ɗan nan. Ka ba madubi haske mudu guda, ba zai taɓa mayar maka da mudu guda ba. Na gilashi lasa yake yi, na tagulla loma."

"Babu wanda yake mayarwa duka?"

"In ka same shi, dawo ka gaya mini in jefa gudumata a kogi."

Damina ɗaya madubin ya yi kore shar kamar miyar kuka. Na bar masa abinsa na yi gaba.

Daga nan na faɗa Filin Gishiri, inda ba itace ba tsuntsu. Ranar farko da hantsi na hango shi: madubi shimfiɗe a ƙasa, faɗinsa ya fi garinmu, sama duka tana kwance a ciki. Na ce shi ke nan, in ɓantaro ɗan kaɗan in koma gida. Na bi shi, ya matsa. Na yi gudu, ya yi gudu. Na yi kamar na fasa, na juyo da sauri, nan ma ya riga ni. Kwana tara ina wannan hauka har wata mai raƙuma, Tabawa, ta tsince ni leɓena ya tsage. Ta ɗura mini nonon raƙumi, ta saurari labarina, ta yi dariya har raƙuminta ya tsorata.

Ta ce, "Ƙawalwalniya kake bi, ɗan uwana. Dubi can nesa. Me ka gani?"

"Madubi."

"Dubi ƙarƙashin ƙafarka."

"Gishiri."

"To ai haka yake. Shi wannan sai a karkace yake yarda a gan shi. Ka tsaya a kansa ka dube shi sak, babu shi." Ta nuna mini kudu da sandarta. "In abin mamaki kake nema, je Tafkin Garai-garai. Amma kada ka leƙa."

Kun san ni. Wata biyar na yi kafin in isa tafkin, kuma abin da na fara yi shi ne leƙe. Na ga kwalekwale a bakin ruwa, na ɗauka ba tare da na tambayi mai shi ba, don har lokacin hali bai sake ni ba. Na tuƙa zuwa tsakiya. Ruwan garau, kamar babu shi. Na sunkuya, sai na ga rufin ɗakuna da lunguna da mutane suna kai da kawowa can ƙasa. Na ƙara sunkuyawa don in tabbatar. Kwalekwalen ya tabbatar mini.

Ina nutsewa ina kalmar shahada a zuci, sai na ji hannuwa sun cafke ni, an buɗe bakina an cusa mini wani abu mai ɗaci a kumatu. Goron ruwa suke ce masa. Muddin yana bakinka, za ka sha ruwa kamar iska, ka yi magana, har ka yi gulma. In an cire, Allah ya ji ƙanka.

Birni ne sosai, da kasuwa da fada, fitilunsu wasu kifaye ne masu haske a cikin keji. Kowa yana sanye da faffaɗar malfa ɗaure a haɓa, kowa idonsa a ƙasa kamar wanda ya yar da allura. Ni da ba ni da malfa na ɗaga kai.

Daidai saman kaina akwai wata taga zagayayya mai haske, a cikinta ga sama, ga gajimare, ga gindin kwalekwalena. Amma daga bakin tagar zuwa ko'ina, babu sama. Wani birni ne a kife. Ɗakuna suna reto, rufinsu yana kallon ƙasa. Mutane suna tafiya ƙafa a sama kai a ƙasa, da malfunansu, babu wadda ta faɗo.

Na ji mari a ƙeya, ashe wani dogari ne. "Sauke idonka! Gaisawa kake yi da 'yan uwanka?"

Aka ja ni gaban Mai Tafki Barau, shugaban birnin, wani mai tumbi wanda ko a cikin ruwa sai mutum biyu sun taimaka masa ya tashi. Dogarinsa ya ce, "Ranka ya daɗe, daga sama ya faɗo."

Mai Tafki ya ce, "To Ɗan Kife ne. Leƙen asiri ya zo. A ba shi kwana uku ya tuba, a na ukun a cire masa goro."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni daga Kwarin Gawo nake, madubi nake..."

"Ji shi. Har maganarsa a kife take."

Kurkukun nasu wani fili ne mai shinge, babu rufi. Mai gadinsa wata tsohuwa ce, Gwamma, mai baki irin na Kaka, har na ji ƙwalla ta zo mini, sai dai a cikin ruwa babu mai ganewa. Ita ta ba ni labarin. Ta ce tun kakannin kakanninsu 'Yan Kife suke rataye a kansu, ba su da aiki sai kwaikwayo. Ka ɗauki tsintsiya, naka ya ɗauka. Ka yi faɗa da mijinki, taki ta yi da nata. Ka zaga bayan gida, to, ka dai gane. Shi ya sa aka kafa dokar malfa.

Na ce, "Iya, kowa yana da nasa?"

Ta waiga hagu da dama, ta rage murya. "Kowa. Sai ni. Na duba tun ina yarinya, ban taɓa ganin tawa ba. Ina jin kunyata suke ji."

Na ɗaga kai na nemi nawa. Ga dogarai can nesa da nasu, ga mai tallan kaguwa da tata, amma babu Sallau a kife. Inda ya kamata in gan shi, tagar nan ce.

Na ce, "Ita kuma wannan tagar fa?"

"Tagar Rana. A hukumance a kan Mai Tafki kaɗai take, duk inda ya je tana binsa, shi ya sa yake mulki." Ta ƙara matsowa. "Amma in gaya maka gaskiya, ɗan nan, tunda jibi za ka mutu: a kaina take. Ni take bi."

"Iya, yanzu haka a kaina take."

"Ƙarya kake, ɗan Kife, mai kunnen jemage!"

Wallahi sai da na roƙe ta ta maimaita. Shekara huɗu ke nan rabona da zagi mai daɗi irin wannan.

Na ce ta taimaka ta ɗauki kejin fitilarta ta tafi can ƙarshen shinge. Ta tafi tana mita. Tana yin nisa sai ga wata Gwamma a kife ta fito daga bakin tagata, riƙe da keji. Na dubi fitilar ƙasa, na dubi ta sama. Na sake dubawa. Haskensu ɗaya, ko ƙwayar gero ba a rage ba. Babu lasa, babu loma. Na ce a raina, Baba Jatau, gudumarka ta shiga uku.

Na kira ta ta dawo. Tana matsowa kusa da ni, ta saman ta shige cikin tagar ta ɓace. Nan maganar Tabawa mai raƙuma ta faɗo mini. Na zauna a kan yashi na yi ta juya abin. Hasken da ya tashi daga ƙasa ya doshi fuskar ruwa sak, ruwan yana buɗe masa ya fice waje, ta nan kuma hasken sama yake shigowa: ita ce tagar, kuma kowa da tasa. Wanda kuwa ya je a karkace, yana raɓe-raɓe, ruwan ba ya barin ko kaɗan ya wuce. Juyo da shi yake yi gaba ɗayansa. Babu wasu 'Yan Kife. Madubi ne, girmansa girman tafki, suna zaune a ƙarƙashinsa suna zagin kansu.

Na gaya wa Gwamma. Ta ce, "In madubi ne, ina fuskata?"

"Ba ya nuna mai dubawa. Sai na nesa da shi."

"To wannan ba madubi ba ne, maƙwabci ne."

Kwana na biyu ya faɗo ranar Laraba, ranar yaƙi. Duk Laraba suke kai wa 'Yan Kife hari, bayan an ci kasuwa. Na leƙa ta shinge na ga mayaƙa sun ɗaure ɗamara sun yi sama da masu. Na sama su ma suka yo ƙasa da nasu masun. Tsini ya haɗu da tsini. Masu suna huda fuskar ruwan sai birnin saman ya girgiza, ya tarwatse, ɗakuna suka kakkarye, mutane suka zama gutsattsari. Aka buga ganga, aka yi guɗa, Mai Tafki ya karɓi gaisuwar nasara. Kafin la'asar ruwa ya kwanta, birnin ya koma daram, ko tsaga babu.

Na yi dariya har na kusa haɗiye gorona. Sai kuma na farga. Madubin da in an fasa shi yake haɗe kansa! Ga abin da na bar gida dominsa a saman kaina, ni kuma gobe za a cire mini goro.

Gwamma ta tambaye ni abin da ya fito da ni daga garinmu. Na ba ta labarin Kaka tun daga ƙusa har zuwa bawan Allah.

Ta ce, "Da ka fasa, me ka ce mata?"

Na gaya mata.

"A'a, kafin wannan. Ka ce ta yi haƙuri?"

Na ce, "Ai mu ba ma haka da ita. Wasa muke yi."

Ta kalle ni daga sama har ƙasa. "Wato ka ƙetare gishiri, ka yi wa maƙeri bauta, ka zo nan za ka mutu a cikin kifaye, duk don kada ka faɗi kalma uku. Kai, Allah ya yi wawa a nan."

Na ce mata ƙafata ce take ciwo.

Safiyar kwana na uku na ɗaga kai, na ga tagata ta yi duhu daga gefen gabas. Su mutanen tafkin ba su san hadari ba, malfa ta hana su, in sun ga duhu sai su ce rana ce take fushi. Ni kuwa ɗan manoma ne ta wajen uwa.

Da aka kai ni fada, dogari ya miƙo hannu zai buɗe bakina, na ce, "Ranka ya daɗe, na tuba. Ni Ɗan Kife ne."

Fada ta ɗauki salati.

"Ka sake ni in koma, in rushe maka birninmu daga ciki. Ba rushewar Laraba ba. Rushewar kwana da kwanaki."

Mai Tafki ya ce, "Me zai sa ka ci amanar danginka?"

"Jini, ranka ya daɗe. Duk ya taru mini a ka. Na gaji da zama a kife, ko tuwo ba ya zama a ciki. Kuma a can kowa an ba shi wanda zai riƙa kwaikwayo, amma kai an rasa wanda ya isa. Ka taɓa ganin naka?"

Ya gyara zama. "Ban taɓa ba."

Fadawan da suke zaune can baya, waɗanda kullum suke ganin tumbinsa yana reto a sama kamar tulu, duk tari ya kama su lokaci ɗaya.

Ya yarda, amma ba wawa ba ne gaba ɗaya. Ya sa aka ɗaura mini igiya a ƙafa, ya ce in birnin bai rushe ba kafin maroƙinsa ya gama kirari, a jawo ni. Gwamma ce ta ɗaura. Tana ɗaurawa ta soka mini wata farar kwalba a ɗamara. Ta ce, "Daga sama ta faɗo, kamar kai. Ba ta da amfani, kamar kai. Tafi."

Na yi sama sak, ban karkata ba. Ina hawa tagar tana tsukewa, daga faɗin fili ta koma faɗin tabarma, ta koma faɗin faifai, har ta zama daidai kaina. Na fasa ta na fito, na tofar da goro, na shaƙi iska.

Hadari ya haɗu baƙi ƙirin, amma ko ɗigo babu. Iska ma ta tsaya cik. Tafkin lumui kamar an goge shi.

Na ji an ɗan ja igiyar.

Na shiga dukan ruwa da hannu da ƙafa kamar kwaɗon da aka taka. Na san iyakar abin da nake rushewa bai wuce unguwa ɗaya ba. Aka sake ja, har na sha ruwa. Na ɗaga kai na ce, "Ya Allah, na san ban cika gaishe Ka ba, amma dubi halin da ake ciki." Aka ja na uku, haɓata ta nutse. Sai na ji ɗigo a goshi. Sai na biyu. Sai sama ta ɓalle kamar da bakin ƙwarya, kowane ɗigo yana huda tafkin, babu inda ya rage lafiya daga wannan gaɓa zuwa waccan.

Igiya ta saki. Ɗan mai ƙugiya ba a koya masa kwance ƙulli, balle ma Gwamma zarge kawai ta yi. Na ɗaura igiyar a jikin kwalekwalen da ya kife, na yi iyo na fita. Kwana takwas ana ruwa. Ina jin har yau akwai yaran da aka sa wa Sallau a ƙasan tafkin nan.

Na cika kwalbar da ruwan tafki don in kai gida, na riƙa lallaɓa ta kamar jariri. A Filin Gishiri ƙishirwa ta sa na shanye. Na zauna na yi kuka, na ce shekara biyar sun tafi a maƙogwaro. Sai da na isa wani rafi na ɗebi rabin kwalba, na ɗaga zan sha, idona ya faɗa ƙarƙashin fuskar ruwan. Ga shi nan, fari tas kamar azurfa. Ashe kowane ruwa yana da shi. Har na randar gidanmu, wadda na sha shekara goma sha tara ban taɓa leƙa ta ta ƙasa ba.

Da hantsi na shiga Kwarin Gawo. Baba ya rungume ni, ya ce na rame. Na wuce cikin gida. Kaka tana zaune a tabarma tana ɓarar gyaɗa, ta ƙanƙance, kanta fari fat. Ta ɗago ta dube ni, hannunta ya tsaya. Na ga leɓenta ya motsa.

Ta ce, "Sannu da zuwa, bawan Allah. An sha hanya."

Shekara shida da wata huɗu, ko kaɗan abin bai lanƙwasa ba.

Na ɗebo ruwa a randa na zuba rabin kwalba. Na kife turmi a gabanta na ɗora kwalbar a kai, ta ɗan fi idonta tsawo. Na zaga ɗaya gefen na tsuguna. Na ce, "Ki dubi fuskar ruwan ta ƙasa. A karkace."

Ta yi kamar ba za ta duba ba. Sannan ta ɗan sunkuya.

Na girgiza kwalbar. "Kin ga ya fashe?" Muka jira. "Kin ga ya haɗe? Ba ya tsatsa, ba ya cin haske, ko jikanki ba zai iya fasa shi ba."

Ta ce, "Ban ga fuskata ba."

"Ba ya nuna mai dubawa. Sai wanda yake ɗaya gefen."

Ta ƙura ido. Na san abin da take gani: ni, a kife, da gemun da bai gama yanke shawarar fitowa ba. Na jira zagi, bai zo ba. Ta mayar da hannu cikin gyaɗarta.

Sai na tashi daga bayan turmin. Na zagayo na durƙusa a gabanta sak, babu kwalba a tsakani. Na ce, "Kaka, ni na ɗauki madubin da Kakana ya ba ki ban tambaye ki ba, na fasa shi, kuma na yi miki dariya. Ki yi haƙuri."

Ta ɓare gyaɗa ɗaya. Ta ɓare ta biyu. Sannan ta sa hannu ƙarƙashin tabarma ta jawo wani madubi mai bakin azurfa, ya fi na da girma.

"Ladidi ce ta kawo mini, wata biyu bayan tafiyarka. Ta auri mai hankali, 'ya'yanta uku." Ta mayar da shi. Ta goge ido da bakin zane, ta ce ɓawon gyaɗa ne ya shiga. "Shekara shida ina dafa kunu ina rufewa da faifai ina ba kaji. Shekara shida! Ka tafi neman madubi, ka dawo mini da ruwan randata a kwalbar da ka tsinto, in duba in ga me? In ga bakin gafiya a kife! Kai, Allah ya haɗa ni da mijin banza. Ina cefane?"

Na ce, "Amarya, ai na sake ki tun kafin in tafi."

Ta jefe ni da ɓawon gyaɗa, ta turo mini ƙoƙon kunu da ƙafa.

Nan tafiyata ta tsaya, nan tawadata ta ƙare. Kwalbar tana ɗakin Kaka, a daidai ƙasan tsohuwar ƙusar, ba ta bari kowa ya taɓa. Duk safiya sai ta sa in tsuguna a bayan kwalbar ta duba. Ta ce a kife na fi kama da mutum.